Dashen Madubi A Cikin Ido Domin Ciwon Makula: Abin Da Yake Gyarawa Da Abin Da Ya Fi Ƙarfinsa

Idan aka yi shelar aikin ido kyauta a Minna, tun da asuba dattawa kan fara hallara daga Bosso da Chanchaga da Maitumbi, har da waɗanda suka yi sammako daga Paiko da Kuta. Akasarinsu kalma ɗaya suka sani game da larurarsu, ita ce yana. Sun ga maƙwabcin da ya daina gani, aka cire masa madubin idonsa da ya dushe, aka sanya masa na roba, washegari aka buɗe bandeji ya gane jikokinsa. Wannan nasara ta gaskiya ce, kuma ita ta sa jama'a da dama ke ɗaukar cewa duk wani raunin gani na tsufa maganinsa a sa gilashi a cikin ido.

Sai dai a cikin masu bin wannan layi akwai wani rukuni da matsalarsu ta bambanta. Suna zuwa masallaci ba tare da ɗan jagora ba, suna ganin babur na tahowa ta gefe, amma da zarar sun dubi fuskar mutum sai su ga hula da kafaɗu, tsakiyar fuskar ta ɓace. Idan suka buɗe Alƙur'ani ko jarida, harafin da suka ƙura wa ido shi ne ainihin wanda ba sa gani. Waɗannan ciwonsu yana can bayan ido, a wani ɗan wuri da likitoci ke kira makula. Su ma an ƙera musu madubai na musamman da ake dasawa ta hanyar tiyata, amma aikin waɗannan madubai da iyakarsu sun sha bamban da na madubin aikin yana, kuma rashin sanin wannan bambanci na iya jawo wa iyali asarar dukiya da ɓacin rai.

Ɗigon da ake karatu da shi

Haske yana shiga ido ta wani murfi garai-garai da ke gaba, wato koniya, ya ratsa madubin cikin ido, sannan ya sauka a kan wata shimfiɗar jijiyoyi da ke lulluɓe da bangon baya, wadda ake kira retina. Ita ce ke mayar da haske saƙon da ƙwaƙwalwa ke fassarawa. A tsakiyar wannan shimfiɗa makula take, faɗinta kimanin milimita biyar da rabi kacal. Duk da ƙanƙantarta, da ita ake karatu, da ita tela ke zura zare a allura, da ita ake bambanta takardar naira 500 da ta 200, kuma da ita ake gane fuska. Sauran retina aikinta ganin gefe, wanda ke taimaka wa mutum ya yi tafiya bai ci karo da komai ba.

Yana cuta ce ta madubi. Madubin ya dushe, haske ya kasa wucewa, amma retina na nan lafiya tana jira. Shi ya sa canza madubi ke dawo da gani. A ciwon makula kuwa haske yana wucewa lami lafiya, wurin da zai sauka ne ya lalace, kuma har yau babu wani madubi da ke rayar da ƙwayoyin jijiyar da suka mutu.

Mafi shahara a cikin cututtukan makula a duniya shi ne lalacewarta saboda tsufa, wanda kan fara bayyana bayan shekara 50. Wani nazari da aka wallafa a 2014 ya yi ƙiyasin cewa mutum miliyan 196 ne za su kasance da shi a 2020, kuma adadin zai kai miliyan 288 a 2040. Iri biyu ne. Akwai busasshe, wanda shi ne mafi yawa, yana cin makula sannu a hankali cikin shekaru. Akwai kuma mai ruwa, inda wasu raunanan hanyoyin jini ke tsirowa ƙarƙashin makula suna yoyon ruwa da jini, kuma yana iya lalata gani cikin 'yan makonni. Shan taba yana ninka haɗarin kamuwa da shi, gado ma yana da hannu.

Bincike ya nuna cewa matakin ƙarshe na wannan cuta ya fi yawa a tsakanin Turawa fiye da baƙar fata. Wannan bai nufin makular ɗan Najeriya ta tsira ba, domin akwai wasu abubuwan da ke kama ta a nan. Ciwon suga yana sa makula ta kumbura. Hawan jini yana iya toshe jijiyar da ke kwashe jini daga retina. Akwai ramin da kan buɗe a tsakiyar makula, akwai tabon da wasu ƙwayoyin cuta ke bari, sannan masu sikila su ma retinarsu na buƙatar kulawa. Wani abin da ba a cika ambata ba shi ne kulorakwin. Gwamnatin tarayya ta sauya shi daga matsayin maganin farko na zazzabin cizon sauro a 2005, amma mutanen da suka shafe shekaru suna shan sa kusan kullum da zarar jiki ya yi ɗumi na iya samun lahani a makula wanda ba ya komawa. Wannan bayani na da muhimmanci, domin madubin da za a yi magana a kansa an amince da shi ne domin lalacewar tsufa kawai.

Daga madubin yana zuwa madubin hangen nesa

Tarihin dasa madubi a ido ya faro ne a asibitin St Thomas da ke Landan, inda likita Harold Ridley ya yi aikin farko a ranar 29 ga Nuwamba, 1949. Ya lura cewa matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin robar murfin jirgi ya shiga idanunsu a yaƙin duniya na biyu, idanun ba su yi bore ga robar ba. Daga nan ya yi tunanin ƙera madubi da irin wannan roba. Abokan aikinsa sun daɗe suna sukar sa, amma a yau aikin yana tare da dashen madubi na cikin ayyukan tiyata da aka fi yi a faɗin duniya.

Tunanin amfani da dashe domin ciwon makula ya biyo wata hanya dabam. Tunda ba za a iya gyara ɗigon da ya mutu ba, sai a faɗaɗa hoton da ke shiga ido har ya zarce ɗigon, ya sauka a kan lafiyayyar retinar da ke kewaye da shi. A misali, idan tabon tawada ya rufe harafi ɗaya a allo, aka sake rubuta harafin da girma ninki uku, tabon na nan yadda yake amma yanzu ɗan ɓangaren harafin kawai ya rufe, ana iya karanta shi.

Wani likitan ido ɗan Isra'ila, Isaac Lipshitz, shi ya ƙirƙiro na'urar da ta fi shahara a wannan fanni, wadda aka fi sani da IMT. Ƙaramin madubin hangen nesa ne da aka yi da gilashi, tsawonsa milimita 4.4, faɗinsa milimita 3.6, wato bai fi ƙwayar dawa girma sosai ba, sai dai yana da ƙafafun roba da ke riƙe shi. Yana haɗuwa da koniya su yi aiki a kan tsarin madubin da Galileo ya duba taurari da shi a 1609. Akwai mai faɗaɗa hoto ninki 2.2, akwai mai ninki 2.7. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a watan Yulin 2010 ga masu shekara 75 zuwa sama, sannan a watan Oktoban 2014 ta sauko da shekarun zuwa 65.

A lokacin aikin, likita yana cire madubin ido kamar yadda ake yi a aikin yana, ya bar jakar da madubin ke zaune a ciki, ya ajiye na'urar a cikinta. Bambancin shi ne girman yanka. Aikin yana na zamani ana yin sa ta kafar da ba ta wuce milimita biyu zuwa uku ba, amma samfurin farko na IMT yana buƙatar yanka na milimita 10 zuwa 12 tare da ɗinki da yawa. Kamfanin da ke ƙera shi, wanda yanzu ake kira Samsara Vision, ya fito da sabon samfuri mai suna SING IMT, wanda ya samu izinin shiga kasuwar Turai a 2020, kuma ana shigar da shi ta yanka na kimanin milimita bakwai.

Ido ɗaya na kusa, ido ɗaya na hanya

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ido ɗaya kawai ake yi wa dashen. Dalili kuwa shi ne duk madubin da ya faɗaɗa hoto dole ya rage filin gani. Idon da aka yi wa aiki zai ga fuska ta girma ta matso, amma ba zai ga abin da ke gefe ba, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Don haka ake barin ɗaya idon domin tafiya da kauce wa rami.

Ke nan bayan aiki mutum yana da idanu biyu da ke aika wa ƙwaƙwalwa hotuna masu girma daban-daban. Ƙwaƙwalwa ba ta iya haɗa su wuri ɗaya, sai dai ta koyi sauraren wannan ta ƙyale wancan gwargwadon buƙata. Koyon haka yana ɗaukar makonni zuwa watanni ana horo a hannun ƙwararru kan raunin gani, kuma a nan ne nasarar aikin ko faɗuwarsa take. Da farko wasu kan ga abu biyu-biyu, wasu su kasa ƙiyasta nisan matakala ko bakin kwata. Dattijon da aka yi wa aikin a wata ƙasa, aka sallame shi bayan mako biyu ya dawo gida ba tare da mai ci gaba da horar da shi ba, zai iya samun kansa cikin halin da ya fi na da wahala. Tuƙin mota kuwa ba ya cikin abin da na'urar ke dawowa da shi.

Sharuɗɗan da FDA ta gindaya suna da tsauri. Dole cutar ta kama idanu biyu, ta kai matakin ƙarshe, kuma ta lafa, babu sabon yoyo. Dole ƙarfin gani ya kasance tsakanin 6/48 da 6/240. Ma'anar 6/48 ita ce abin da mai lafiyar ido ke karantawa daga nisan mita 48, shi sai ya matso mita shida. Dole ganin gefe na ɗaya idon ya kasance da kyau, koniya ta kasance da ƙarfi, sannan a gwada majiyyaci da madubin hangen nesa na hannu a tabbatar ganinsa ya ƙaru da aƙalla haruffa biyar a allon gwaji. Sharaɗin da ya fi shafar mutanenmu shi ne cewa idon da za a yi wa dashen ya kasance yana da yana amma ba a taɓa yi masa aikinta ba, domin na'urar na buƙatar jakar madubin a yadda Allah Ya halicce ta.

Abin da gwaji ya nuna

Babban gwajin da aka dogara da shi an yi shi ne a cibiyoyi 28 a Amurka. An ɗauki mutum 217, aka yi nasarar dasa na'urar a idanun 206. Bayan shekara ɗaya, kashi 67 cikin 100 na idanun da aka yi wa aiki sun ƙara ganin layi uku ko fiye a allon gwaji, alhali a idanun da ba a taɓa ba kashi 13 ne kawai suka samu irin wannan ci gaba. Layi uku ba ƙaramin abu ba ne, daidai yake da ninka ƙarfin gani sau biyu. Amma ya kamata a fahimci daga ina aka tashi. Wanda ba ya ganin babban harafin saman allo, ya zo yana ganin layi biyu ko uku na farko, ya samu sauƙi ƙwarai wajen gane fuska da kallon talabijin, amma har yanzu mai raunin gani ne.

Akwai kuma farashin da ido ke biya. A bayan koniya akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu tsotse ruwa domin ta zauna garau. Ba sa sake haihuwa idan suka mutu. A wannan gwaji an yi asarar kimanin kashi ɗaya bisa huɗu nasu a shekarar farko, mafi yawa a watanni ukun farko sakamakon tiyatar kanta. A wasu 'yan tsiraru koniya ta kumbura ta dushe har sai da aka yi musu dashen wata, wasu kuma an cire musu na'urar. Wannan ne dalilin da ya sa tun farko aka taƙaita ta ga tsofaffi sosai. Bugu da ƙari, na'urar na sa duba bayan ido ya yi wa likita wuya idan wata matsala ta taso daga baya.

Hukumomin da ke auna ingancin magani ba su yi gaggawar yabo ba. A 2016 hukumar NICE ta Birtaniya ta ce hujjojin da ake da su kan amfanin irin waɗannan madubai na dogon lokaci ba su wadatar ba, don haka a riƙa yin aikin ƙarƙashin tsari na musamman da sa ido. A 2018 masu bitar bincike na Cochrane sun nemi kammalallen gwajin da aka raba majiyyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wanda shi ne ma'auni mafi ƙarfi a likitanci, ba su samu ba. Ta fuskar kuɗi kuwa, lokacin da na'urar ta shiga kasuwar Amurka farashinta ita kaɗai ya kai kimanin dala 15,000, ban da kuɗin tiyata da na horo.

Sauran madubai

IMT ba ita kaɗai ba ce. A Italiya an ƙera wani tsari mai suna IOL-VIP, madubai biyu da ake dasawa ɗaya gaban ɗaya, suna faɗaɗa hoto kimanin ninki 1.3 tare da karkatar da shi kaɗan zuwa lafiyayyen wuri. Daga Birtaniya akwai EyeMax Mono, wanda ya yi kama da madubin yana na yau da kullum, amma an tsara shi ya ba da hoto mai kyau a faɗin makula duka, domin wanda ya saba kallo da gefen tabonsa ya amfana.

Wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne madubin da likita Gabor Scharioth na Jamus ya ƙirƙiro, kamfanin Medicontur na ƙasar Hungary ke ƙerawa. Shi an yi shi ne domin idon da aka riga aka yi wa aikin yana. Ana ɗora shi a gaban madubin da ke ciki ta ƙaramar kafa. A tsakiyarsa akwai ɗigo mai faɗin milimita ɗaya da rabi da ƙarfin lamba 10 a ma'aunin tabarau, wanda ke ba mutum damar karatu idan ya matso da takarda zuwa santimita 15 daga ido, ba tare da ya rasa ganin nesa ko na gefe ba. Kafin a yi aikin ana gwada majiyyaci da tabarau mai ƙarfin lamba shida a wannan nisa, idan karatunsa ya inganta sai a ce ya dace. Wannan gwaji da kansa yana ɗauke da darasi ga mai ƙaramin ƙarfi, domin ya nuna cewa tabarau mai kauri yana yin mafi yawan abin da dashen ke yi, ba wuƙa, ba haɗari, kuma a kan kuɗi kaɗan.

A baya-bayan nan bincike ya fara karkata zuwa wata hanya da ba ta madubi ba. A watan Oktoban 2025 mujallar likitanci ta New England ta wallafa sakamakon gwajin wata na'urar lantarki mai suna PRIMA, mai faɗin milimita biyu, da ake ajiyewa ƙarƙashin retina tana aiki da tabarau mai kyamara. An dasa wa mutum 38 a Turai, kuma a cikin 32 da aka auna bayan shekara ɗaya, 26 sun samu ci gaba mai ma'ana.

Inda Najeriya ta tsaya

Binciken makanta da raunin gani na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya duba sama da mutum 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 nasu makafi ne, wato kimanin mutum miliyan 1.13 a ƙasa baki ɗaya a wancan lokaci. Yana ce ta haddasa kashi 43 cikin 100 na makantar, hawan jinin ido kashi 16.7, kuma kashi 84 na makantar abu ne da za a iya kauce masa ko a magance shi. Lalacewar makula ta tsufa tana can ƙasa a jerin. Saboda haka a tsarin lafiya na ƙasa, madubin da ya fi cancantar kuɗin gwamnati har yanzu shi ne madubin yana na yau da kullum, wanda farashin IMT guda ɗaya zai sayi ɗaruruwansa.

Binciken ya kuma gano wani abu mai tayar da hankali. Sama da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa yi wa wani aiki saboda yana, aikin gargajiya aka yi musu, inda ake amfani da tsinke ko allura a ture madubin ya faɗa cikin ido. Al'adar ta fi ƙarfi a Arewa, kuma mafi yawan idanun da aka yi wa haka an same su a makance. Idon da aka ture wa madubi ya rasa jakar da ake ajiye dashe a cikinta, don haka ya fita daga sahun masu iya karɓar IMT, ko madubin yana na asibiti ma sai da ƙarin wahala.

Ga mazaunin Minna da yake zargin matsalar makula, matakin farko shi ne ganin likitan ido a gida, kamar a Babban Asibitin Minna ko Asibitin Ƙwararru na IBB, ko Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Bida, a ɗiga masa maganin da ke buɗe baƙin ido a duba bayansa. Gwajin tabarau a shago ba ya maye gurbin wannan. Idan an ga alama, akan tura mutum wurin ƙwararren retina domin ɗaukar hoton OCT, wanda ke nuna makula yanki-yanki kamar an yanka burodi, a ga ko ruwa ne, ko rami, ko tabo. Mutanen Neja kan nufi manyan asibitocin Abuja ta hanyar Suleja, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda dokar kafa ta ta fito a 1979. A Kano akwai asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari, wanda ke aiki tun 1943, da asibitin ido na Makkah, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Amfanin wannan bincike shi ne yawancin cututtukan makula da ake gani a nan suna da magani idan an zo da wuri, kuma maganin ba madubi ba ne. Nau'i mai ruwa da kumburin da ciwon suga ke jawowa ana yi musu allura a cikin ido, wadda ke hana baƙin hanyoyin jini yoyo. Akwai Lucentis da aka amince da ita a Amurka a 2006, da Eylea a 2011, da kuma Avastin, wadda asalinta maganin daji ce amma wani babban gwaji a Amurka ya nuna a 2011 cewa tana aiki kusan daidai da Lucentis a kan kuɗi ƙasa ƙwarai. Allurar ba ta sau ɗaya ba ce, akan fara da wata-wata, kuma yanke ta a tsakiya na iya mayar da hannun agogo baya. Ramin makula kuwa tiyatar retina ake yi masa. Nau'in busasshe da ya yi nisa an amince da allurai biyu dominsa a Amurka a 2023, sai dai rage saurin lalacewa suke yi, ba sa dawo da abin da ya tafi.

Wanda yake da yana tare da ciwon makula a ido ɗaya, sau da yawa cire yanar na ƙara masa haske da ganin gefe, kuma likitoci kan ba da shawarar a yi. Abin da ya kamata shi ne a faɗa masa gaskiya tun kafin aiki cewa tabon tsakiya zai ci gaba da zama. Dattawa da dama da ke cewa an yi musu aiki bai yi ba, aikin ya yi, makula ce ba a yi musu bayaninta ba. Haka nan iyalin da aka yi wa tayin zuwa Indiya ko Masar ko Turai domin dashen madubi na musamman, kafin su sayar da gona ko fili, yana da kyau su nemi a rubuta musu sunan cutar da sunan na'urar, su tambayi layi nawa ake sa ran gani zai ƙaru, wa zai horar da majiyyaci idan ya dawo, kuma wa zai duba koniyarsa a shekarun da ke tafe, sannan su kai amsoshin wa likitan retina a gida.

Abin da ke hannun mai larura

Ciwon makula shi kaɗai ba ya jefa mutum cikin duhu gaba ɗaya, domin ganin gefe yana nan. Ana koya wa mai larura ya riƙa kautar da ido kaɗan daga abin da yake son gani, hoton ya sauka gefen tabo. Madubin ƙara girman rubutu mai fitila, tabarau mai kauri, Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe, fitila mai haske a kusa da takarda, duk suna taimakawa. Wayar hannu ta zamani ma tana faɗaɗa rubutu ninki da yawa ta kyamararta, tana kuma karanta saƙo da murya.

Akwai wani al'amari da masu wannan larura kan ɓoye. Wasu daga cikinsu suna ganin siffofin da babu su, kamar ƙananan mutane, ko zane-zane a bango, ko dabbobi, alhali hankalinsu ƙalau yake kuma sun san ba gaskiya ba ne. Wani masani ɗan ƙasar Siwizalan, Charles Bonnet, ya bayyana haka tun a 1760 game da kakansa da idonsa ya raunana. Ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbin saƙon da ido ya daina aikowa. A wurinmu akan yi saurin danganta wannan da iskokai ko taɓin hankali, don haka dattijo ya gwammace ya yi shiru. Faɗa wa likitan ido ya fi, domin sanin dalilin kaɗai yana rage fargaba.

Ta fuskar kariya, barin taba shi ne kan gaba, sai kula da suga da hawan jini. Mai ciwon suga ana so a duba bayan idonsa aƙalla sau ɗaya a shekara ko da yana gani garau. Ganyaye masu duhun kore irin su alayyafo da zogale, da ƙwai da kifi, suna ɗauke da sinadaran da retina ke amfani da su, kuma jihar da ke da Shiroro da Kainji ba ta rasa kifi. Haɗin bitamin na musamman da aka gwada a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2001, ya rage haɗarin kaiwa matakin ƙarshe da kimanin kashi 25 cikin 100, amma ga waɗanda cutar ta riga ta kai matsakaicin mataki, ba ga kowa da kowa ba.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida, wanda likitan ido Marc Amsler na Siwizalan ya tsara a shekarun 1940. Takarda ce mai layuka a tsaye da a kwance da ɗigo a tsakiya, kuma takardar littafin lissafi ta 'yan makaranta mai gida-gida na iya wadatarwa. Mutum ya sa tabaran karatunsa idan yana da shi, ya riƙe takardar a nisan karatu, ya rufe ido ɗaya, ya kafa ɗayan a kan ɗigon, sannan ya sauya. Rufe ido ɗaya shi ne jigon gwajin, domin lafiyayyen ido yana ɓoye laifin ɗan'uwansa tsawon watanni. Idan layukan sun lanƙwashe, ko wasu gidaje sun ɓace, ko kuma a gida aka lura dokin ƙofa ko turken lantarki ya fara karkacewa, wannan alama ce ta ruwa a ƙarƙashin makula, kuma likitoci na son ganin mai ita cikin 'yan kwanaki, ba a jira shelar aikin ido na kyauta ba.